Minti Goma Sha Ɗaya a Fayil ɗin Ailsa

Montrose, 14 ga Janairu

Ƙanena Murdo,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, teku kuma tana barinku ku runtsa. Yaya bayan naka? Goggo Bella ta ce ka daina shan maganin da likita ya ba ka, wai yana sa ka kasala. Kasalar da aka haife ka da ita kada ka ɗora wa magani. Ni gwiwa ce ta matsa mini, sanyin bana ya shige ta ya zauna. Goggon kuwa da sauƙi, na same ta tana yi wa sandar da asibiti suka ba ta faɗa.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. An dakatar da ni daga aiki. Ranar Litinin shugabarmu ta kira ni, ta rufe ƙofa, ta karɓi katin aikina da makullai, ta ce an kai ƙarata gaban hukumar da ke riƙe da rajistar ma'aikatan jin daɗin jama'a. Wannan aikin ba a yinsa sai da suna a rajistar nan. In suka goge sunana, ko gidan tsofaffi ba zai ɗauke ni in miƙa wa wani shayi ba. Shekara ashirin da shida nake ciki, ban iya komai ba sai shi.

Ka tuna ranar da Goggo ta cika tamanin, ka tare ni a kicin ina yanka kek? Ka ce shekara biyu ke nan da matarka Shona ta ɗauke Ailsa ta gudu, kotu ta hana a gaya maka inda suke, kai kuma ba abin da kake so illa ka ji 'yarka tana raye. Ka yi kuka har ka jiƙa mini kafaɗa. Ka san sun ɗan zauna a gidan fakewar mata na yankinmu kafin a wuce da su gaba, don haka fayil ɗinsu yana kwamfutarmu. Na buɗe shi minti goma sha ɗaya, na buga maka waya na ce yarinya tana lafiya. Iyakar abin da na faɗa maka ke nan.

Yadda aka kama ni abin dariya ne, in da mai dariya. Tun ranar da na fara aiki ake cusa mana cewa abin da ba a rubuta ba bai faru ba, duk fayil ɗin da ka buɗe ka bar layi a ciki. Ni kaina na koya wa ɗalibai fiye da talatin haka. To ina gama karantawa hannuna ya yi abin da ya saba, ya rubuta "An duba, babu abin damuwa," na sa sunana da kwanan wata na rufe. Ka taɓa jin ɓarawon da ya shiga gida ya sa hannu a littafin baƙi? Ma'aikaciyar da ke kula da su a can garin da suke ta ga layin, ta tambayi wace ce Elspeth Mair, aka bincika aka ga kakata da kakarka uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Mista Petrie, wakilin ƙungiyarmu ta ma'aikata, ya ce leƙen kaɗai ba zai wuce gargaɗi ba, muddin aka tabbatar ban kai maka komai ba. Saboda haka ka rubuta wa hukumar takarda, layi biyar ya isa, ka ce ban gaya maka gari ko makaranta ko unguwa ba, ka sa hannu ka aiko mini. Ya hana ni yin maganar nan ta waya, shi ya sa ka ga wasiƙa kamar zamanin kakanninmu. Tsoro nake ji, Murdo, kuma ban saba ba.

Yayarka,
Elspeth

Rijiyar mai, cikin teku, 3 ga Fabrairu

Yaya Elspeth,

Ina gaishe ki, ina kuma yi wa gwiwa sannu. Bayana yana nan yadda kika san shi, in na sunkuya sai na nemi izininsa kafin in miƙe. Wasiƙarki ta kwana tara a Aberdeen, hazon teku ya hana jirgi mai saukar ungulu tashi, mu ma nan har madarar shayi ta ƙare mana.

Ki yafe mini, amma da na zo wurin sa hannun nan na yi dariya har mai kwana a gadon samana ya leƙo ya ga ko lafiya. Ke ce fa tun muna yara kike rubuta sunanki a jikin kofi don kada wani ya sha da shi. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Kada ki bari su taka ki. Su wa ye su? Mutanen da ba su taɓa shiga gida mai warin fitsari ba, su ne za su zauna su auna ki? Laifinki kawai kin tausaya wa uba. Shona kuwa kin san ta, in ta yi tuntuɓe da kujera cewa za ta yi kujerar ce ta biyo ta. Da bakinta ta raba ni da 'yata, yanzu ga shi ta hannunta za a raba ki da aikinki, ki ɗanɗana abin da nake sha.

Takardar zan rubuta. Sai dai ni ba gwanin biro ba ne, nan kuma ko teburin kirki babu. Bari in sauko tudu ranar goma ga wata in zauna a gidan Goggo in yi ta da kyau.

Tunda dai kin riga kin karanta, kuma ana hukunta ki a kai, gaya mini ƙananan abubuwa. Har yanzu Ailsa tana fama da ciwon asma? In tana kusa da teku iskar za ta yi mata daɗi, in kuma cikin tsaunuka suka kai ta to sun cuce ta. Wane launi ne rigar makarantarsu? Ba gari nake tambaya ba, so nake in na rufe ido in gan ta cikin kayanta. Wata mai zuwa za ta cika tara.

Naki,
Murdo

Montrose, 24 ga Fabrairu

Murdo,

Ina fata ka koma aiki lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, yanzu barci ne ya ƙaurace mini, likita kuma ya ce jinina ya hau. Na gaya masa in shi aka karɓe wa abin awon da ke wuyansa nasa ma hawa zai yi.

Mako biyu ka yi a tudu. Goggo ta ce ka yi wa rumfar bayan gida fenti, ka je kallon ƙwallo sau biyu, ka ci miyar kyafaffen kifi har ka kwance bel. Ashe hannun da ya riƙe buroshi kwana uku bai iya riƙe biro minti biyar ba. Kullum mai kawo wasiƙu ya taho ina tsaye bayan ƙofa kamar karen da aka manta da shi, har ya fara yi mini kallon tausayi.

An yi zaman farko. Mutum uku ne a bayan dogon tebur, da kwalbar ruwa gaban kowa, ɗayarsu kuma yarinya ce da ba a haife ta ba lokacin da na fara ɗauko jariri daga gidan mashaya a bakin aiki. Sun ce dakatarwar ta ci gaba har babban zama ranar biyu ga Yuni. Petrie ya ce abin da suke so su gani shi ne nadama, in rubuta shafi huɗu a kan abin da na koya daga kuskurena. Na sha sa iyaye irin wannan rubutun kafin a mayar musu da 'ya'yansu, ina zaune ina duba agogo. Yau na san ɗacinsa.

An hana abokan aikina yi mini magana. Jiya a kanti na hango wadda muka yi shekara goma sha huɗu tebur ɗaya, ta juya kekenta na sayayya ta shige layin abincin kyanwa, ita da ko kyanwa ba ta da ita. Wannan bai yi mini ciwo kamar na yaran ba. Iyali goma sha tara ke hannuna, an rarraba su rana ɗaya. Akwai wata yarinya da nake bi tun tana shekara bakwai, uwarta ta tafi ba sallama, ubanta ma haka, na yi mata alkawarin ni ba zan yi mata irin wannan ba. Ba a bar ni ko kati in aika mata ba.

Tambayoyinka kuwa babu wadda zan amsa. Teku ko tsauni, rigar makaranta ja ce ko shuɗiya, ka ɗauka jiya na fara aikin nan? Ina so in yarda kewa ce ta sa ka tambaya, don haka na bar shi a kewa. Aiko da takardar.

Elspeth

Rijiyar mai, 12 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa. Allah ya sauke jinin. Ki rage gishiri, ki kuma rage faɗa, don shi ya fi gishirin yi miki illa. Ni lafiya, sai tari da ya zagaye mu duka a nan.

Takarda na rubuta ta tuntuni. Tana cikin akwatina, an sa hannu, layi bakwai ma na yi ba biyar ba. Na ɗauko ta zan sa a ambulan sai na tsaya ina tunani.

Shekaranjiya Ailsa ta cika tara. Na sayi kati, ban san inda zan aika shi ba, sai ta hannun lauya, wanda zai buɗe ya karanta kafin ya ga dama. Ke kuma abin da nake nema yana cikin kanki, kina kwana da shi kina tashi da shi. Kin ce in taimake ki don zumunci. To zumuncin hanya ɗaya yake bi? An ce ɗan'uwa rabin jiki, amma ke rabin da ke karɓa kawai kika sani.

Ba titi nake tambaya ba, ba lambar gida ba. Sunan gari kawai. Rubuta shi a 'yar takarda, kada ki sa hannu a wannan karon, in karanta in jefa a teku. Ranar da ta iso, takardar da kike jira za ta bi jirgin da ya kawo ta. Babu wanda zai sani. Ba zan yi wa kowa komai ba, in tsaya tsallaken titi in ga ta fito daga makaranta, shi ke nan.

In kuma kin ƙi, ban san abin da zan ce ba idan hukumarku ta tambaye ni. Ranar nan a waya kin yi magana da yawa, ni kuma na sha giya, wa ya san abin da na ji da abin da ban ji ba? Ki yi tunani da kyau. Shekararki hamsin da huɗu, ba a fara koyon sabuwar sana'a da irin gwiwarki.

Ƙanenki,
Murdo

Montrose, 19 ga Maris

Murdo,

Goggo ta koya mana a fara da gaisuwa ko ga wanda ya taka ka ne, to na gaishe ka. Allah ya sawwaƙe tarin. Lafiyata ba ruwanka da ita.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karantawa a zaune, don na ɗauka idona ne. Ashe ciniki muke yi. To ji amsata: ba zan ba ka ko harafin farko na sunan garin ba, ko da za a goge sunana a kuma ƙone rajistar.

Ka san abin da mutum ke iya karantawa cikin minti goma sha ɗaya? Ni mai saurin karatu ce. Shafin farko na je dubawa, amma ban tsaya nan ba. Na ga takardun asibiti uku. Na ga hoton muƙamuƙin Shona da ƙarfen da aka ɗaure shi da shi. Kujera ce ta yi wannan? Na karanta abin da Ailsa ta gaya wa ma'aikaciyar, tana shekara shida, cewa in ta ji ƙarar motarka takan shige ƙarƙashin matakala ta toshe bakinta da hannun riga don kada tarinta ya tona ta. Asmar da kake tambaya ke nan. Na rufe fayil ɗin, na wanke fuska, na buga maka waya na ce tana lafiya, don kuwa tana lafiya tunda ba ka san inda take ba.

Ban gaya maka na gani ba saboda ina jin kunya, kuma ba kunyarka ba, tawa. Ni ce mai gane tabo a hannun yaro daga ƙofar ɗaki. Amma na zauna tebur ɗaya da Shona a tsakiyar Yuli, ana zufa, tana naɗe da mayafin ulu a wuya, na ce mata kyakkyawa ne, a ina ta saya. Goggo ta gani, ni na gani, muka ƙara maka dankali. Da ta gudu har da ni a masu cewa ba ta da godiya.

Ka faɗa wa hukuma abin da ka ga dama. In ƙarya za ka yi, ka dage ka yi ta da kyau, don mutanen nan ƙarya suke saurare tun safe har yamma. Na yi maka wanka kana jariri, Murdo, kuma yau ina nadamar kukan da na bari ka yi a kafaɗata.

Elspeth

Buckie, 20 ga Afrilu

Yaya Elspeth,

Ina gaishe ki, in za ki karɓa. Tari ya tafi. Goggo ta faɗi a banɗaki makon jiya, ba karaya, sai ƙugu da ya kumbura, tana ta kiran sunanki. Ban gaya mata komai ba.

Wata guda ina juya wasiƙarki. Na yi fushi, na yayyaga amsa uku. Daga baya na zauna na ce wa kaina, matar nan saboda kai ta shiga uku, kai kuma ka sa mata wuƙa a wuya. Ban kyauta ba. Abin da ke cikin fayil ɗin ba zan yi musu da ke a kansa ba, lokacin ina sha ne, yanzu kuwa na rage.

Ga takardar nan a ciki, ba sharaɗi. Na rubuta gaskiya, cewa ni na roƙe ki, kuma ba ki gaya mini komai ba sai cewa tana lafiya. Na sa lambar wayar gidan Goggo in suna son su ji daga bakina.

Ban tsaya nan ba. Na yi musanyar zangon aiki da wani, ranar biyu ga Yuni ina tudu. Zan sa kwat ɗin da na sa ranar jana'izar Baba, in zo in tsaya gabansu in faɗa da bakina, don takarda ba ta da fuska. Ba za ki shiga ɗakin nan ke kaɗai ba alhali kina da dangi. Ki gaya wa Petrie ya sa sunana cikin shaidu. Ƙarfe nawa ake farawa, kuma ina shaidu ke zama kafin a kira su? Ba na so in makara ko in yi ta yawo a bene kamar baƙauye.

Ki yi yaƙin nan har ƙarshe, kada ki yarda su lallaɓa ki ki janye.

Ƙanenki,
Murdo

Montrose, 11 ga Mayu

Murdo,

Ina gaishe ka, ka yi wa Goggo sannu da ƙugu. Na aika mata man shafawa. Jinina ya sauka kaɗan, gwiwa kuma ta gode wa rana.

Ba zan ɓoye maka ba, da na ga takardar nan na yi kuka a kan teburin kicin. Na ce ashe da sauran mutum a cikin yaron nan. Na kai wa Petrie da gudu, da gwiwar tawa. Ya karanta sau biyu ya ce, "Da wannan, Elspeth, gargaɗi za a yi miki. Kafin kaka kin koma teburinki." Har fure na saya a hanyar gida. Mako biyu ina barci kamar jaririya.

Ranar Alhamis ya kira ni mu shirya zaman. Ya nuna mini jerin shaidu, na ga sunanka, na ga sunan matar da ta kai ƙarata, wato mai kula da su Ailsa a can garinsu, da sunan ofishinta a gefe. Na tambaye shi ko kowane shaida yana faɗin inda yake aiki. Ya ce shi ne abu na farko bayan rantsuwa. Sunan yarinya da na uwarta ne kawai ake ɓoyewa, ma'aikata ba a ɓoye su. Na tambaye shi inda shaidu ke jira. Ya ce ɗaki ɗaya ne, mai kujeru shida da injin shayi. A nan na tuna tambayarka. Mu ma'aikata ko coci muka je katin aiki yana rataye a wuyanmu, da sunan gari da manyan haruffa. Ko tambaya ba sai ka yi ba, ka zuba mata shayi kawai ka karanta ƙirjinta.

Na ce a janye takardarka. Ya ce zaman a buɗe yake ga kowa, ko ba shaida ba ne kai kana iya zama a baya, roƙon a rufe ƙofa kuma sai safiyar ranar ake yanke shi, bayan kowa ya iso bene. Na ce to wace hanya ce za ta hana a yi zaman gaba ɗaya. Ya ce guda ɗaya ce: in amsa duk abin da ake tuhumata, har da cewa na leƙa ne don in kai wa ɗan'uwana, in sa hannu a cire sunana da yardata. Ba zama, ba shaidu, ba wanda zai taso daga wani gari. Ya ce hauka ne, na riga na ci shari'ar. Na ce na sani.

Ranar ashirin da biyu ga wata zan sa hannu. Za su buga hukuncin kowa ya karanta, da kalmar rashin gaskiya kusa da sunana, Shona kuma za ta mutu tana zaton na sayar da ita. Ba jarumta nake ji ba, baƙin ciki nake ji kamar in haɗiye zuciya, don ina son aikin nan fiye da yadda na taɓa son wani mutum. Amma ni na buɗe fayil ɗin, ba yarinyar ba.

Ka mayar da kwat ɗin Babanka cikin kabad. Ka iya wasa, na ba ka wannan, saura ƙiris ka ci.

Elspeth

Buckie, 26 ga Mayu

Yaya Elspeth,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙugun Goggo ya sace, man ya yi aiki, ta ce a gode miki. Ni ma lafiya lau, har ƙiba na yi.

Na ga hukuncin, sun buga shi ranar Litinin. Na karanta wa Goggo a tebur, a hankali, saboda kunnenta. Da na zo wurin rashin gaskiya ta sa na maimaita. Sai ta tashi ta juya hotonki na ranar gama makaranta ya fuskanci bango.

Kin gane wasana, ban musa ba. Amma akwai abin da ba ki sani ba. Ranar takwas ga wata lauyan Shona ya rubuto mini. Ya ce saboda leƙen da wata 'yar'uwata ta yi, an ɗauke su daga garin tun ƙarshen Afrilu, an kai su wani wuri, an kuma dakatar da katunan da nake aikawa. Ko lauyan ya ce ba a gaya masa inda suke ba. Ke kullum cewa kike sai an shekara kafin a samar wa mutum gida, to wannan karon wata uku ya ishe su. Matar da za ta zo da kati a wuya ba ta da sauran abin da zan karanta a ƙirjinta. Garin da kika zubar da shekara ashirin da shida don ki ɓoye sunansa, su Ailsa ba sa cikinsa.

Wasiƙarki ta same ni ranar sha uku, ta lauyan tana aljihuna. Ina tudu, wayar Goggo tana kan teburin zaure, motata tana ƙofar gida da mai cike. Da na faɗa miki kalma biyu kawai, da kin yaga takardar Petrie, kin je zamanki kin karɓi gargaɗinki. Kwana tara ina wuce wayar nan safe da yamma. Ranar ashirin da biyu na tashi da wuri, na soya ƙwai, na zauna ina kallon agogo har na tabbatar kin fito daga ofishinsa.

Kin san inda 'yata take wata shida kika hana ni, kika sa har katin da nake aika mata aka tsayar. Yanzu ni ban san inda take ba, ke ma ba ki sani ba, kuma ba ki da kwamfutar da za ki leƙa. Na ga mun yi daidai.

Goggo tana buƙatar mai kwana da ita in na koma teku ranar biyar ga Yuni. Na ce mata kada ta damu, ke za ki zo, tunda yanzu ba ki da abin yi.

Ƙanenki,
Murdo